Yadda Libarbar Colt Ta Farko Take Tashi

Duk mun san matsalar bindigar maharbanmu: harbi ɗaya, sai a koma ɗuri. Ita ce Samuel Colt na Amurka ya nemi magancewa da libarbar da ya yi wa rajista a 1836.

A bayan bututunta akwai ganga mai ramuka 5. Kowane rami a kan ɗura masa albarushi da dalma ta gaba, a kafa 'yar hular tagulla mai maganin tartsatsi a bayansa. Idan mai harbi ya ja 'yar gudumar da ke bayan gangar da babban yatsa, abu uku ke faruwa: wani ɗan ƙarfe ya juya gangar rami ɗaya, wani ya kulle ta daidai bututu, kunamar da ke ɓoye kuma ta sauko. Ana jan kunama, guduma ta daki hula, wuta ta kama albarushi.

A ganinmu kullewar nan ce gwanintar, domin in rami ya kauce wa bututu ko da kaɗan, dalma na iya tarwatsewa dab da hannun mai harbi. Wani lokaci ma tartsatsi kan tsallaka sauran ramukan, su tashi tare.