Daga fatoma zuwa Airbnb: Sana'ar saukar baƙi a Ebute Metta da Agege

Tun kafin a kafa kamfanin Airbnb a birnin San Francisco na Amurka a 2008, Hausawan Legas sun daɗe suna ware ɗakuna a gidajensu domin saukar baƙin 'yan kwanaki. Jirgin ƙasa ne ya raya sana'ar. Layin dogon da ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, Ebute Metta kuwa ta zama hedikwatar hukumar jiragen ƙasa har yau. Taragu suka riƙa sauko da shanu da fatake, suna komawa Arewa da goron yankin Agege.

Wanda ke saukar waɗannan fatake shi ake kira fatoma, ko maigida. Yakan ba baƙo makwanci da abinci, ya adana masa kaya da kuɗi, ya haɗa shi da dillali, kuma idan an sayar da shanu bashi ga mahauta, shi ne ke tsayawa lamuni. Ribarsa na fitowa daga la'adar ciniki. Masani Abner Cohen ya bayyana wannan tsari dalla-dalla a littafinsa na 1969 a kan unguwar Sabo ta Ibadan. Ginshiƙin tsarin shi ne sanayya: maigida ya san garin baƙonsa da wanda ya turo shi, kuma in rigima ta tashi akwai Sarkin Hausawa.

Yau buƙatar masauki ta sake tasowa. A watan Yunin 2021 aka buɗe tashar Mobolaji Johnson a Ebute Metta domin jirgin Legas zuwa Ibadan, a 2024 kuma jirgin cikin gari da ke bi ta Agege zuwa Oyingbo ya fara aiki. Ga filin jirgin sama na Murtala Muhammed kusa da Agege, ga 'yan Najeriya mazauna ƙetare da ke cika Legas kowace Disamba. Ma'aikatan tarayya da suka bar gidaje a can tun da aka mayar da babban birni Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991, na ganin dama a nan: a bar iyali a sashe ɗaya, a gyara ɗayan, a tallata shi a intanet.

Sai dai baƙon yau ta waya yake zuwa, babu wanda ya tsaya masa. Kisan shugaban tashar Super TV, Usifo Ataga, a wani gidan hayar 'yan kwanaki a Lekki cikin Yunin 2021, ya nuna abin da kan iya faruwa a bayan ƙofar da maigida bai san masu shigarta ba. Haɗarin ya fi girma inda baƙo ke bin ƙofa ɗaya da matan gida da yara.

Akwai kuma batun doka. A 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa jihohi ke da ikon tsara harkar otal-otal, kuma tun 2009 Jihar Legas na da dokar da ta ɗora harajin kashi 5 cikin 100 a kan kuɗin masauki. Wanda zai mayar da sashen gidansa masauki ya kamata ya fara tuntuɓar hukumar harajin jihar.

Ma'aikacin gwamnati na da ƙarin takunkumi. Jadawali na Biyar na Tsarin Mulkin 1999 ya hana jami'in da ke aiki na cikakken lokaci shiga gudanar da kasuwanci mai zaman kansa, in ban da noma. Karɓar kuɗin hayar shekara daban yake da karɓar baƙi kullum, da sa farashi, da biyan masu shara da gadi. Na biyun ya fi kama da kasuwanci, kuma Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, wadda ake bayyana wa kadarori, na iya tambaya a kansa. Shawarar lauya kafin a fara ta fi arha a kan gurfana gaban kotun ɗa'a.

Hatta a ƙasar da Airbnb ya fito an soma taka wa harkar birki. Daga Satumbar 2023, birnin New York ya wajabta wa mai ba da hayar ƙasa da kwana 30 ya yi rajista, ya kasance yana zaune a gidan tare da baƙinsa, kuma kada su wuce biyu. Wannan sharaɗi ba baƙo ba ne a zangon Agege, domin fatoma bai taɓa saukar mutum ya tafi wani gari ya bar shi ba. Ma'aikacin da ke Abuja, gidansa na Legas, sai ya fara tantance wanda zai zauna a madadinsa, ya duba katin shaidar baƙo, ya kuma amsa idan wani abu ya faru.