Baturen da takarkari ya kayar a hanyar Agadas

Mai karatu, da kai ne aka kawo wa takarkari aka ce shi za ka hau ka ratsa duwatsun Abzin, me za ka ce? Heinrich Barth, Bajamushe ɗan shekara 29 da gwamnatin Ingila ta aiko, bai ce komai ba, sai ya ɗare bisa kaya. Ba a jima ba san nan ya watsar da shi ƙasa. Ya tashi, ya karkaɗe ƙura, ya ci gaba da bin Hamma, surukin Annur, shugaban Tintellust. Abokan tafiyarsa biyu, Richardson da Overweg, a Tintellust ya baro su.

Me ya ja shi? Suna. Ya karanta labarin Agadas mai arziki, mahaɗar ayarin Sahara, fadar Sarkin Abzin. Ran 10 ga Oktoba 1850 ya shiga garin, yana amsa sunan Abdulkarim.

Sai ya tarar da shiru. Unguwanni sun zama kufai, ungulaye jere a kan katangu suna jiran mahauta su watse. Ya ƙiyasta mutanen da suka saura ba su wuce 7,000 ba. Ya leƙa kasuwa, nan ma abin mamaki: ba a ciniki da wuri, gero ne kuɗi! Kai da ka sha wuyar hamada don ganin birni, ka iske haka, ba za ka juya ba? Shi kam ya zauna kusan mako uku, yana zagaya lungu-lungu, yana ɗaga kai ga hasumiyar laka mai tsawon mita 27, wadda itatuwa suka huhhudo ta ko'ina, yana rubutawa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne ranar da aka kai shi gaban Sarki Abdulƙadir. Ga Bajamushe daga Hambug, ga sarkin Abzinawa cikin rawani. Da wane harshe kake tsammani suka gaisa? Da Hausa, mai karatu, wadda baƙon ya tsinta a bakin abokan hanya cikin 'yan watanni.

Richardson ya rasu a 1851, Overweg a 1852, duk a ƙasar Barno. Barth kaɗai ya koma gida a 1855. Gidan lakar da ya sauka yana nan a tsohon garin Agadas, har yau ana buɗe wa baƙi ƙofarsa.