Famfo da Matatar Mai: Inda Ran Injin Gas Yake

Akwai abin da mai gyaran injakta ba ya son gani idan ya kwance famfon motar a-kori-kura mai shan gas: garin ƙarfe mai ƙyalƙyali kwance a cikin mai. Da ya gan shi, ya san magana ta wuce sauya famfo kaɗai. Garin ya riga ya bi bututu ya shiga kowace injakta, ragowarsa kuma ya koma tanki. Sai an sauke tankin an wanke, an sauya famfo da injaktoci da bututan ƙarfe, kafin motar ta sake hawa titi. Tsoron wannan asara ne ya sa masu irin waɗannan motoci da yawa suke ƙara wa motarsu famfon taimako da matata mai inganci tun lafiya lau. Aikin yana da amfani ƙwarai, amma ga wanda ya san abin da yake karewa da kuma yadda ake yin sa.

Tsofaffin injinan gas, irin su 1HZ na Land Cruiser da 5L na Hilux, suna da haƙuri. Famfonsu na ƙarfe ne zalla, matsin da yake ba mai bai taka kara ya karya ba, don haka sukan jure gurɓataccen mai na wani lokaci. Labari ya sauya a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da kamfanin Denso na Japan ya fito da sabon tsari a manyan motocin Hino a 1995, sannan Bosch na Jamus ya sa irinsa a ƙaramar motar Alfa Romeo 156 a 1997. A wannan tsari, famfo ɗaya ne ke danna mai cikin bututun ƙarfe guda da duk injaktoci ke sha daga gare shi, kwamfutar mota kuma ita ke buɗe kowace injakta sau da yawa a bugu ɗaya. Matsin da ke cikin bututun yakan kai ma'aunin matsi na ba (bar) 1,600 zuwa 2,000, a wasu sababbin injina har 2,500, alhali iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce ba 2 da ɗoriya.

Wannan matsi shi ya kawo ƙarfi da tsimin mai da raguwar hayaƙi. Amma kafin ƙarfe ya riƙe shi, dole ratar da ke tsakanin sassan famfo da na injakta ta zama 'yar mitsitsiya, maikiron kaɗan kacal. Kaurin gashin mutum kusan maikiron 70 ne, ido kuma da ƙyar yake ganin abin da ya gaza maikiron 40. Ke nan ƙurar da ke cinye injakta ba a ganinta. Mai yana iya zama garau a cikin kwalba alhali yana ɗauke da abin da zai kashe inji.

Abu na biyu da direbobi da yawa ba su sani ba shi ne, a yawancin waɗannan famfuna ba baƙin mai ke sa wa sassan ciki santsi ba, gas ɗin ne da kansa. Shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe, shi ke sanyaya famfon. Duk abin da ya rage wa gas santsi, ko ruwa, ko kumfar iska, ko kananzir da fetur da aka gauraya, to kai tsaye famfo yake ci.

Darasin da aka koya a Amurka

Babu inda wannan ya fito fili kamar Amurka, ƙasar manyan a-kori-kura. Tun 2006 aka taƙaita farar wutar da ke cikin gas ɗin motocin titi a can zuwa kashi 15 cikin miliyan. Hakan alheri ne ga huhun jama'a, sai dai tacewar da ke cire farar wuta tana tafiya da wasu sinadaran da ke ba mai santsi, sai an ƙara masa wasu. Ƙa'idar santsin mai ta Amurka kuma ta fi ta Turai sassauci: a gwajin da ake yi, Amurka ta yarda da zaizaya har maikiron 520, Turai ta tsaya a 460.

A 2011 Ford da General Motors suka fara sa famfon Bosch samfurin CP4 a manyan motocinsu na gas. A cikinsa akwai ɗan gangaren ƙarfe da ke birgima a kan sandar da ke juyawa. Idan santsi ya yi ƙaranci, maimakon ya birgima sai ya riƙa gogawa, daga nan garin ƙarfe ya fara zuba. Masu motoci suka yi ta kashe dubban daloli, har magana ta kai kotu. General Motors ya koma famfon Denso a motocin 2017. Kamfanin Ram, wanda ya sa CP4 a motocinsa na 2019 da 2020, ya kira sama da motoci 220,000 a ƙarshen 2021 don a gyara, ya kuma koma tsohon famfon CP3 da aka san shi da juriya.

Kafin wannan ma, motocin Dodge masu injin Cummins na 1998 zuwa 2002 sun sha fama da mutuwar famfon VP44, sau da yawa saboda ƙaramin famfon da ke turo masa mai daga tanki ya raunana ba tare da direba ya sani ba. Injinan Duramax na General Motors kuwa har zuwa 2016 ba su zo da famfon taimako ba sam; babban famfon ne ke zuƙo mai da kansa tun daga tanki. Daga irin wannan giɓi ne kamfanoni kamar FASS da AirDog suka samu kasuwa.

Abin da ake ƙarawa

Famfon taimako na lantarki ne, ana ɗaure shi a jikin shasi kusa da tanki. Aikinsa ya turo mai a hankali, ba yankewa, don babban famfo ya daina wahalar zuƙa. Nagartattun suna raba kumfar iska da mai su mayar da ita tanki. Ba ya ƙara wa lafiyayyen inji wani ƙarfin a-zo-a-gani. Tsawon rai yake ƙara masa.

Matata kuwa hawa biyu ake yi, yadda ake tankaɗen gari: a fara da rariya mai manyan idanu, a gama da mai laushi. Ta farko, mai maikiron 10 zuwa 30, tana tare manyan datti tana kuma raba ruwa da mai. Da yake ruwa ya fi gas nauyi, sai ya kwanta a kofin da ke ƙasanta, a buɗe a zubar. Ta biyu, mai maikiron 2 zuwa 5, ita ke kama ƙurar da ido ba ya gani.

A nan ne ake yawan tafka kuskure. Wani zai ji an ce maikiron 2 ta fi kyau, sai ya ɗaura ta ita kaɗai, babu ta farko, babu famfon taimako. Cikin ɗan lokaci ta toshe, babban famfo ya shiga zuƙar iska, mai motar ya jawo abin da yake gudu. Wani kuma zai sa tiyon ruwa maimakon na mai, ko ya bar mahaɗa tana shan iska, ko ya ja wayar famfo ba fis ba rile. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Dole girman matata da ƙarfin famfo su dace da abin da injin ke buƙata, kuma yana da kyau a sa agogon da ke nuna matsin mai, don direba ya ga raguwarsa kafin inji ya fara shaƙewa. Haka nan, matata ba ta hana famfon da ke da rauni a ƙirarsa lalacewa daga ciki. Shi ya sa masu CP4 kan ƙara wata hanya da ke karkatar da man cikin famfon zuwa tanki ta cikin matata, don ko ya lalace garin kada ya kai ga injaktoci. Wanda motarsa ke ƙarƙashin garanti kuma ya tuntuɓi dillali kafin ya taɓa layin mai.

Abin da ya shafe mu

Hilux mai alamar D-4D da takwarorinta na Ford Ranger da Isuzu da Mitsubishi da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Maraɗi, ko Damagaram da Agadas, duk wannan sabon tsari suke amfani da shi. Matsalarmu kuwa ta fi ta Amurka yawa. Akwai ƙurar hunturu, akwai mai da ke kwana a duro da jarka a hannun 'yan bumburutu, akwai tankunan ƙasa da ruwan damina ke kutsawa, ga masu gauraya gas da kananzir. Ruwan da ya kwanta a gindin tanki yana haifar da tsatsa, ƙananan halittu kuma suna yaɗuwa a inda ruwa ya haɗu da mai, su zama baƙin yauƙi mai toshe matata. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da rage farar wuta a mai zuwa kashi 50 cikin miliyan, matatar Ɗangote kuma ta fara fitar da gas a 2024. Yayin da manmu ke ƙara tsabta ta wannan fuska, batun santsinsa zai ƙara muhimmanci.

Saboda haka mai irin wannan mota a yankinmu ya fi kowa buƙatar matata mai raba ruwa, kuma kuɗinta bai kai na injakta ɗaya ba. Amma ta zama ta gaske. Jabun filta ta cika kasuwa, fentinta ɗaya da ta asali, takardar cikinta kuwa ba ta tare komai. A saya wurin dillalin da aka amince da shi, a sauya a kan kari, a rage tazarar sabis idan ana yawan shiga daji. Idan fitilar ruwa ta kama a gaban direba, a tsaya a zubar da ruwan nan take. Man duro a bar shi ya kwanta kafin a ɗiba, kada a zuƙo daga gindi, kada kuma a ajiye gas a mazubin da aka shafe da tutiya, domin tana narkewa a ciki ta daskare a bakin injakta.

Gargaɗi na ƙarshe ga 'yan'uwa kanikawa: kada a taɓa neman yoyon bututun matsi da hannu inji yana aiki. Man da ke fita da ƙarfin ba 2,000 yana huda fata ya shiga nama, raunin ya yi kama da ƙaramin tsini alhali yana iya kai mutum ga rasa yatsa. Wanda hakan ta same shi ya tafi asibiti a take.

Motar a-kori-kura jari ce. Da ita ake kai hatsi kasuwa, da ita ake kai magani ƙauye. Wanda zai kashe mata kuɗi ya fara da abin da ke shiga cikinta: tsabtataccen mai, ba ruwa, ba iska, yana isa famfo ba yankewa. Sauran kwalliya ta biyo baya.