Tabar da Aka Biya Su Lada da Ita

A da, a gonakin kiwon shanu na Ostireliya, Turawan mulkin mallaka sun daɗe suna biyan 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin, ladan aiki da garin alkama da sukari da ganyen shayi da taba. Haka sigari ta samu gindin zama a gidajensu, uba ya sha, ɗa ya gada.

A shekarar 2021, masana a Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya da ke Kanbera suka fitar da sakamakon bibiyar 'yan asalin ƙasar su 1,388 masu shekara 45 zuwa sama a jihar New South Wales, tsawon kusan shekara goma. Abin da suka gano ya tayar da hankali: haɗarin mutuwar mai shan taba ya kusa ninka na wanda bai taɓa sha ba sau huɗu. Rabin mace-macen 'yan asalin ƙasar masu shekara 45 zuwa sama, taba ce sanadi.

Sai dai wanda ya daina kafin ya kai 45, haɗarinsa kan koma kusan daidai da na wanda bai taɓa kunna kara ba. Tun 2010 gwamnati ke ɗaukar nauyin ma'aikatan lafiya daga cikin al'ummar, suna bi gari-gari suna taimaka wa masu son dainawa.