Gilashin makro: Gwajin da ya kamata a yi kafin ofis ya biya kuɗi

A ma'aikatun gwamnati da ke Abuja, akwai hoton da ya fi na taron manema labarai muhimmanci: hoton hatimi, ko sa hannu, ko lambar da aka zana jikin kayan aiki. Irin wannan hoto kan zama hujja idan takarda ta jawo gardama. Gilashin kyamarar da ke ɗaukarsa shi ake kira makro, kuma sayensa ba tare da gwaji ba cinikin biri a sama ne.

Gwajin farko na girma ne. Makro na ainihi yana kaiwa 1:1, wato abu yana sauka a kan sensar kyamara daidai da girmansa. A kyamarar da faɗin sensarta milimita 36 ne, idan aka ɗauki hoton rula a kusanci mafi ƙanƙanta, milimita 36 kacal za su cika hoton. Gilasan zuƙowa da yawa suna ɗauke da kalmar makro a jikinsu, alhali iyakarsu 1:3 ko 1:4. Canon 100mm f/2.8L na shekarar 2009 da Nikon 105mm f/2.8G na 2006 suna cikin waɗanda ke kaiwa 1:1.

Na biyu shi ne kaifi. A shimfiɗa shafin jarida a kan tebur, a ɗaure kyamara a ƙafa uku tana fuskantarsa kai tsaye, sannan a buɗe hoton a kwamfuta. Haruffan kusurwa su fito tsaf kamar na tsakiya. Idan gefe ɗaya ne kaɗai ya dushe, alama ce gilasan ciki sun goce. A kuma duba bakin haruffa: shunayya ko koren layi a nan aibi ne.

Sai dai ba kowane dishi-dishi ne laifin gilashi ba. A 1:1, zurfin wurin da ke fitowa sarai a f/8 bai wuce kimanin milimita ɗaya ba, don haka numfashin mai ɗauka ma kan ɓata hoto. Matse ƙofar haske zuwa f/22 kuwa yana ƙara zurfi amma yana cin kaifi, saboda haske na bazuwa idan ya ratsa ƙaramar kafa. Shi ya sa ake maimaita gwaji a f/5.6 da f/8 da f/16 a kwatanta.

Na ƙarshe, musamman ga gilashi na hannu: a haska tocila ta cikinsa. Ƙurar hunturu kaɗan ba ta cika illa ba, amma zare-zare kamar saƙar gizo funfuna ce ta damina, kuma yaɗuwa take yi.

Duk wannan bai kai awa guda ba. Jami'in da zai sa hannu kan takardar karɓar kaya ya nemi hoton rula da na jarida tukuna. Ranar da aka zo bincike, shi za a tambaya, ba dillali ba.