Daga Gundumar Waje Zuwa Ƙananan Hukumomi Takwas: Abin da Rabon Kano Ya Jawo wa Masana'antu

Da Turawa suka ci Kano a 1903, ba su zauna cikin badala ba. Sun kafa barikinsu a gabas, wajen Nasarawa da Bompai, daga nan mulkin garin ya kasu uku: Birni a hannun Sarki, Waje da ta ƙunshi su Fagge da Tudun Wada da Gwagwarwa, sai yankin Turawa da kamfanoninsu mai tasa dokar daban. Sabon Gari, wanda ya tashi bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, sai a 1940 ya koma ƙarƙashin En'e, wato hukumar Sarki.

Yau babu ƙaramar hukuma mai suna Waje. Gyaran 1976 ya kawar da tsarin En'e, ya ba tsohuwar Jihar Kano ƙananan hukumomi 20. Aka cire Jigawa a 1991, amma duk da haka adadin ya kai 44 a 1996, zamanin Janar Sani Abacha. Takwas daga ciki su suka raba birnin da kewayensa: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Ungogo da Kumbotso.

Yawan jama'a dalili ne na gaske, babu mai musu. Sai dai kuɗi ya fi shi ƙarfi. Kowace ƙaramar hukuma tana da kasonta a asusun tarayya, tana zuwa da ciyaman da kansiloli da guraben aiki, don haka kowane yanki ya dage sai an yanka masa tasa. Sojoji kuwa da doka ɗaya suke yanka, ba sa tambayar ina ruwa yake bi.

An amfana, domin sakatariya ta matso kusa da talaka. Amma duba yadda masana'antu suka watse. Bompai tana Nasarawa, a nan ma hedikwatar ƙaramar hukumar take. Mazaɓar Sharaɗa tana Birni, Challawa tana Kumbotso. Matsalarsu ɗaya, wuta da hanya da magudana, masu iko da su kuwa daban-daban.

Ruwan majema ne ya fi tona asirin wannan rabo. Abin da masana'antun Bompai suka zubar yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya gangara dam ɗin Wasai a Minjibir, inda manoman rani ke shayar da latas da kabeji. Na Sharaɗa yana bin Salanta zuwa Kogin Challawa, kogin da birni ke ɗibar ruwan sha a cikinsa. Ciyaman ɗin da gubar ta iso ƙasarsa ba shi da ta cewa a inda ta taso, wannan kuwa zalunci ne a kan manomi da mai cin ganyen. Ga masu masana'anta sun daɗe suna kukan haraji kan haraji, kowa da rasiɗinsa.

Tun a 1963 aka tsara wa Kano shirin shekara ashirin da ya ɗauke ta gari guda, kuma har yau tsara birni yana hannun jiha, ta hukumar KNUPDA. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko an cika shi, kuɗin Nasarawa ba zai gyara Wasai ba. A ganina Bompai da Sharaɗa da Challawa suna bukatar hukuma ɗaya mai karɓar haraji sau ɗaya, wadda nauyin tace ruwan majema zai rataya a wuyanta.