Kukan inji a hanyar Magariya: ba kowane ruri ba ne gudu

Duk wanda ya saba bin hanyar ƙasa mai lamba 11, wadda ta fito daga Damagaram ta ratsa Dogo da Bande ta sauka Magariya kafin ta kai iyakar Najeriya a Tinkim, ya san wannan kuka. Ƙaramar mota ce maƙare da mutane da buhuna, direba ya ba ta wuta, inji na ruri kamar zai tsage, amma gudun bai ƙaru ba. Fasinjoji su yi tsit, direba ya ce ai halinta ne. Wani lokaci gaskiyarsa ne. Wani lokaci kuwa motar ce ke sanar da cewa ta kusa kwana a daji.

Mafi yawan ƙananan motocin da ƴan kasuwa da ma'aikata ke hawa a gundumomin Magariya da Dungas tsofaffi ne, an shigo da su bayan sun gama aiki a Turai. Toyota Starlet irin wadda aka sani a tashoshin taksi, an daina ƙera ta tun 1999, ke nan ƙaramarsu ta haura shekara 25. Injinta ɗan ƙarami ne, lita 1 ko 1,3. Irin wannan inji ba ya samun ƙarfi sai ya juya da sauri, shi ya sa a gudun kilomita 100 cikin awa, a giya ta biyar, allura kan nuna juyi 3.000 zuwa 3.500 a minti. Mai giya huɗu ta fi haka kuka. Wannan ba ciwo ba ne, haka aka ƙera ta, kuma wanda ya kai ta gareji domin shi kaɗai, asarar kuɗinsa zai yi.

Abin lura shi ne yadda kuka da gudu ke tafiya tare. A mota mai lafiya, in giya ba ta sauya ba, inji ba ya ƙara juyi sai ƙafafu sun ƙara. Ran da suka rabu, kuka ya hau gudu ya tsaya, to kuloci ne ke sulɓi, wato abin da masu Faransanci ke kira ambiriyaj. Faifan da ke haɗa inji da giya ya cinye, ƙarfin na zubewa a tsakani yana komawa zafi, har a ji wari kamar na ƙonannen birki.

Gwajinsa ba ya cin ko dala. A kan kwalta, inda hanya ta miƙe babu kowa, direba ya sa giya ta ƙarshe a gudun kilomita 50 ko 60, ya taka wuta sosai. In kuka ya tashi nan take amma allurar gudu na jan ƙafa, magana ta ƙare. Akwai kuma gwajin tsaye: a ja birkin hannu, a sa giya ta uku, a saki kuloci sannu a hankali. Inji mai lafiyayyen kuloci mutuwa zai yi. In ya ci gaba da juyawa, faifai ya gaji.

Dalilin da ya sa ciwon ya yawaita a wannan yanki ba ɓoyayye ba ne. Dungas ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, bayan an cire ta daga Magariya, amma hanyoyin ƙauyukan gundumomin biyu, irin su na Gushi da Malawa da Waca, yashi ne da jar ƙasa. Motar da ta kafe a yashi, direba kan riƙe kuloci rabi yana ba da wuta har ta fita, kuma kowace fita sai ta kankare faifan. Ga lodi fiye da kima ranar Alhamis, lokacin da ake tururuwa zuwa kasuwar Maigatari. Ga masu ɗora ƙafa a kan kuloci tun daga tasha har masauki. A motocin da kulocinsu ke aiki da waya, ɗaure ta tamau kan sa sulɓi ko da faifai sabo ne, haka nan man inji in yana ɗiga a kansa.

Sai dai ba kullum laifin kuloci ba ne. In an cire giya inji bai sauka ba, a duba wayar totur ko ta maƙale, ko ƙura ta toshe kabireta, ko shimfiɗar ƙasan mota ta danne abin takawa. Wannan ya fi haɗari. In ya auku ana cikin gudu, a cire giya, a taka birki, a ratse gefe, sannan a kashe inji. Kada a zare makulli mota na tafiya, domin sitiyari na iya kullewa. Mota mai sauya giya da kanta kuwa, a fara duba maɓallin da aka rubuta wa O/D, wanda in an kashe shi take ƙin shiga giyar ƙarshe, sannan a duba manta. Wadda aka taɓa sauya wa akwatin giya da na wani samfuri, kukanta kan sauya har abada ba tare da wani ciwo ba.

Lissafin aljihu ma yana da nasa. Tun faɗuwar darajar sefa a watan Janairu na 1994 sababbin kayan gyara suka yi tsada, jama'a suka koma ga na hannu. Man kwalba mai araha da ake tsallakowa da shi daga Najeriya kuma ya yi tashin gwauron zabo bayan janye tallafi a can cikin watan Mayu na 2023. Kuloci mai sulɓi mai yake sha a banza, in kuma aka bar shi sai zafin ya lalata farantin da ke danne shi da ƙarfen da yake kamawa, gyaran abu ɗaya ya koma na uku.

Hausawa sun ce jiki magayi, mota ma haka take. Ɗan kasuwar da ke da alkawarin kai kaya, da malamin makarantar da zai koma bakin aiki ranar Litinin, gwajin minti biyu a bayan gari ya fi musu sauƙi bisa ga tura mota tsakanin Bande da Dogo da tsakar rana.